Me ya sa ra'ayin masu kallo ya rabu a kan fim ɗin Cube?

*"Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokaina huɗu mun kalli wani tsohon fim na Turawa mai suna Cube, wanda aka kulle wasu mutane a cikin ɗakuna masu tarko suna neman hanyar fita. Biyu daga cikinmu suka ce ba su taɓa ganin fim mai hikima irinsa ba, biyu suka ce asarar lokaci ce da data, ni kuma na rasa inda zan tsaya. Da na leƙa intanet sai na tarar can ma jayayyar ake yi. Shin rashin kuɗi ne ya hana fim ɗin gamsar da kowa, ko kuwa mu ne ba mu fahimce shi ba? Kuma ra'ayin wa ya kamata mutum ya bi kafin ya kalli irin waɗannan fina-finai?"*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka daidai, abubuwa biyu kake son sani. Na farko, ko ƙarancin jari ne ya raba kan masu kallon wannan fim, na biyu kuma, wane ra'ayi ne abin dogaro idan mutum yana son ya san ko fim irin wannan ya cancanci a zauna masa na minti 90. Zan amsa maka ne a matsayin wanda ya daɗe yana sana'ar tace fim, wato yanka hotunan da aka ɗauka da haɗa su, yake kuma koya wa matasa shirya gajerun fina-finai, domin Cube yana cikin waɗanda nake nuna wa ɗalibai, kuma da wuya in nuna shi ajin bai rabu ba kamar yadda majalisarku ta rabu. Sai dai wanda bai kalle shi ba ya sani cewa dole in taɓo yadda labarin ya ƙare, saboda a can rabin rigimar take.

Yadda aka yi shi

Cube fim ne na ƙasar Kanada. An fara nuna shi a bikin baje kolin fina-finai na birnin Toronto a shekarar 1997, inda ya ci kyautar da ake bai wa daraktan Kanada a kan babban fim ɗinsa na farko. Daraktan, Vincenzo Natali, mai zane ne a wani kamfanin katun kafin nan, kuma shi ya rubuta labarin tare da André Bijelic da Graeme Manson. Abin da aka kashe bai kai dala 400,000 ba, alhali a wannan shekarar ce aka saki Titanic, wanda ya lashe kimanin dala miliyan 200. Wato da kuɗin wancan za a iya yin wannan fiye da sau 500. An ɗauke shi cikin kimanin mako uku a Toronto, kuma da ya fita kasuwa ya fi samun karɓuwa a Faransa da Japan fiye da Amurka.

Labarin gajere ne. Wasu mutane da ba su san juna ba sun tsinci kansu a cikin wani ɗaki mai siffar dunƙulen magi, tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk ɗaya, babu wanda ya san yadda aka kawo shi. Kowane ɗaki yana da ƙofa shida, ɗaya a kowane bango, ɗaya a ƙasa, ɗaya a rufi, kuma kowace ƙofa wani ɗakin irinsa take kaiwa. Wasu ɗakunan lafiya ƙalau suke, wasu kuma suna ɗauke da tarkon da ke kashe mutum nan take. Babu ruwa, babu abinci. A cikinsu akwai ɗan sanda Quentin, da likita Holloway, da ɗalibar lissafi Leaven, da wani ma'aikacin ofis mai suna Worth wanda ya fid da rai da komai, da tsoho Rennes da ya shahara wajen tserewa daga kurkuku, sannan daga baya suka tsinci Kazan, wani saurayi mai lalurar ƙwaƙwalwa irin wadda ake kira galahanga. Sunayen nan ma ba haka kawai aka zaɓe su ba, duk na gidajen yari ne: San Quentin a Kalifoniya, Holloway a Landan, Rennes a Faransa, Kazan a Rasha, sai Leavenworth ta Kansas da aka raba sunanta biyu aka bai wa mutum biyu.

Inda ƙarancin kuɗi ya ɓuya, da inda ya fito fili

Amsar tambayarka ta farko ita ce, kuɗi yana da hannu a rabuwar, amma ba ta inda yawancin mutane suke zato ba. Mai kallo yana ganin 'yan wasa suna ratsa ɗaki bayan ɗaki, ana kuma gaya masa cewa ginin ya ƙunshi ɗakuna 26 a kowane gefe, wato 17,576 ke nan idan an ninka. A zahiri cikakken ɗaki ɗaya tak aka gina, mai ƙafa 14 ta kowace fuska, sai wani guntun ɗaki da ake ajiyewa a bayan ƙofa idan kyamara za ta leƙa ta ciki. Bangon an yi shi da allunan da haske ke ratsawa, ana zare masu launi ɗaya a zura wasu, sai ɗaki ja ya koma shuɗi ko kore ko fari. Da yake sauya allunan yana cin lokaci, ba a bi jerin labarin wajen ɗauka ba, launi aka bi: a gama duk abin da ya faru a jajayen ɗakuna, sannan a koma wani launin.

Ga wanda ya san teburin tacewa, wannan abin sha'awa ne ƙwarai. Ɗan wasa ya rarrafa ya fita ta ƙofar hagu a ɗaki ja, aka yanke, sai ga shi yana shigowa ta ƙofar dama a ɗaki shuɗi, kuma tsakanin fitar da shigar wataƙila kwanaki ne suka wuce, a ɗakin nan guda. Abin da ke ɗinke su shi ne ƙarar ƙarfe idan ana murɗa hannun ƙofa, da wani rugugi mai nisa da ke tashi lokaci lokaci kamar hadari a gabas. Kunne ne yake gaya wa mai kallo cewa ginin ƙato ne, ido kuwa bai taɓa ganin fiye da ɗaki ɗaya da rabi ba. A duk shekarun da na yi ina nuna fim ɗin, ban taɓa samun ɗalibin da ya gane da kansa cewa ɗaki ɗaya ne ba, har da waɗanda suka tsani fim ɗin. Saboda haka ba a wurin ginin talaucin ya tona kansa ba.

A wurin 'yan wasa ya fito. Fim mai ƙaramin jari abin da ya fi rasawa shi ne lokaci, domin kowace rana kuɗi ce: hayar kyamara, fitilu, abincin ma'aikata. Idan kwanakin ba su da yawa, ba a samun damar maimaita fitowa sau goma har a dace da wadda ta fi, kuma ba a samun isasshen lokacin gwaji kafin a fara. Ƙari a kan haka, ɗaukar da aka yi bisa launi tana nufin ɗan wasa zai iya yin fitowar da yake cikin hayyacinsa da safe, da yamma kuma ya yi wadda ya haukace, ba tare da ya bi matakan da ke tsakani ba. A ganina wannan yana cikin abin da ya sa sauyin halin Quentin yake zuwa wa mutane da yawa kamar an taka totur: yanzu shugaba ne mai lallashi, an jima kaɗan yana zare ido yana daka tsawa. Maganganun ma wani lokaci sun fi kama da na wasan daɓe, inda kowa ke tsayawa ya yi jawabi a kan ra'ayinsa game da duniya, alhali mutumin da ya kwana bai sha ruwa ba ba ya doguwar huɗuba. Idan abokanka biyu da suka ƙi fim ɗin a nan ƙorafinsu yake, to suna da gaskiya, kuma ba rashin fahimta ce ta sa su faɗa ba.

Na taɓa faɗawa cikin wannan ramin da kaina. Shekarun baya mun shirya wani gajeren fim da duk labarinsa a ɗaki ɗaya yake, muka ƙarar da ɗan abin da ke hannunmu a fenti da fitilu da hayar janareta, saboda tsoron kada a ce wurin ya yi arha. 'Yan wasa kuwa yini ɗaya muka ba su na gwaji. Ranar da muka nuna shi babu wanda ya ce uffan a kan ɗakin, amma da babbar jarumar ta fashe da kuka a wurin da muke sa ran za a yi tsit, sai wasu 'yan mata a layin baya suka tuntsire da dariya. Tun daga ranar na gane cewa mai kallo yana yafe wa bango da fitila, amma ba ya yafe wa fuskar da bai yarda da ita ba.

Hotunan kwamfuta na fim ɗin, musamman inda aka nuna bangon waje na ginin, sun tsufa, wannan babu musu. Wani kamfanin Toronto mai suna C.O.R.E. ne ya yi su kyauta. Amma 'yan kaɗan ne, kuma ban ga suna hana kowa kallo ba.

Kowa da abin da ya zo nema

Babban dalilin rabuwar, a fahimtata, ya girmi maganar kuɗi. Fim ɗin ya haɗa nau'i uku a tukunya ɗaya, na ban tsoro, da na ƙagaggen labarin kimiyya, da na neman tsira da rai, kuma kowane nau'i yana da alkawarin da masu kallonsa suka saba a cika musu. Cube ya ɗauki alkawuran uku a mintocinsa na farko, sannan ya cika kowanne ta hanyar da ba a saba ba.

Duba yadda ya buɗe. Wani mutum mai suna Alderson ya farka shi kaɗai, ya leƙa wannan ƙofa ya leƙa waccan, ya shiga wani ɗaki, ya yi taku kaɗan, sai aka ji wani sauti kamar an kaɗa bulala. Ya tsaya cak, jini ya fara tsattsafowa a rigarsa a jere a jere, sannan jikinsa ya zube gunduwa gunduwa, ragar waya mai kaifi ta naɗe ta koma inda ta fito. Mai son fim ɗin tsoro yana ganin wannan zai gyara zama, yana jiran a yi ta kawo masa tarko iri iri har ƙarshe. To amma ka ƙirga da kyau. Mutum biyu kawai tarkon ɗakuna ya kashe a duk fim ɗin, Alderson da tsoho Rennes, wanda aka watsa wa ruwan guba a fuska tun da wuri. Holloway kuwa Quentin ne ya sake ta ta faɗa rami da gangan, shi ya soke Leaven, shi ya yi wa Worth raunin da ba zai tashi ba. Wanda ya zo kallon na'urori suna yanka mutane sai ya tarar da mutane suna cin junansu, kuma ko dai ya ga wannan ita ce hikimar fim ɗin, ko ya ji an yi masa talla da wani abu an sayar masa da wani.

Mai son labarin tsira shi kuma jarumi yake nema, wanda zai riƙe a ransa har a fita. A nan ne na fi jin daɗin kallon ɗalibaina, domin mu mun taso da sanin cewa kowane fim yana da akta yana da bos, kuma akta ba ya mutuwa. Quentin ya shigo da duk alamomin akta: ɗan sanda ne, ƙaƙƙarfa, yana da 'ya'ya a gida da yake son komawa gare su, shi ke ƙarfafa wa kowa gwiwa. Rennes kuma ya shigo a matsayin gwani, shi ya koya musu jefa takalmi cikin ɗaki a riƙe igiyarsa don a gwada ko akwai tarko, shi ya ce kowa ya tsinke maɓallin rigarsa ya riƙa tsotsa don kada yawu ya bushe. Gwanin shi ya fara mutuwa a cikinsu, aktan kuma ya rikiɗe ya zama bos. Na tuna wani ɗalibi da ya juyo ya kalle ni a daidai inda Quentin ya saki hannun likitar, ya ce, "Malam, to yanzu wa za mu bi?" Tambayarsa ita ce ainihin abin da fim ɗin yake so a yi, amma shi a ɓacin rai ya yi ta, kuma har aka gama bai huce ba. Wanda ya fita da rai a ƙarshe shi ne Kazan, wanda tun farko wasu suka so a bar shi a baya don suna ganin kaya ne.

Rigimar ƙarshe

Mai son labarin kimiyya shi ne ya fi kowa jin an ci amanarsa, domin shi bayani yake jira: wa ya gina wannan abu, don me, kuma me ke waje? Abin da fim ɗin ya bayar shi ne furucin Worth, wanda ya amsa cewa shi aka bai wa kwangilar zana bangon waje, bai san waɗanda suka zana sauran ba, kuma a fahimtarsa babu wani babba da ke zaune a sama yana juya al'amarin. Aiki ne da aka fara, aka manta dalilinsa, kowa ya yi ɗan guntun da aka ba shi ya karɓi kuɗinsa bai tambaya ba, sannan aka zuba mutane a ciki don kada a ce an gina shi a banza. Holloway ta ƙi yarda, ita tana ganin makircin gwamnati da sojoji ne. Fim ɗin bai raba musu gardama ba. A ƙarshe ƙofa ta buɗe, farin haske ya cika ido, Kazan ya taka ya shiga cikinsa, aka rufe.

A nan ni ina tare da abokanka biyu da suka yaba. Duk wani bayani da za a kawo zai fi tambayar ƙanƙanta. Da an nuna wani janar a ofis yana danna maɓalli, da mai kallo ya samu wanda zai ɗora wa laifi ya tafi gida hankali kwance. Maganar Worth ta fi wannan ban tsoro ga duk wanda ya taɓa yawo da fayil daga tebur zuwa tebur, kowane ma'aikaci yana cewa shi dai nasa sa hannu ne, bai san wanda ya kafa dokar ba. Akwai ma abin da ya yi kama da gwaji a kan wannan batu, domin an yi ci gaban fim ɗin a 2002, aka sake yin wani a 2004 mai suna Cube Zero, wanda ya fita waje ya nuna ma'aikatan da ke lura da ɗakunan. Masu neman bayani sun samu, amma har yau na farkon ne ake ambata idan ana maganar Cube, kuma shi Japanawa suka sake yi da harshensu a 2021.

Sai dai ba duk ƙarshen nake karewa ba. Dawowar Quentin a minti na ƙarshe rauni ce a rubutun. An bar shi a baya cikin jini, ɗakuna suna motsi, ba shi da mai yi masa lissafi, ƙofofin nan kuma kowace tana ƙara idan an buɗe ta, amma sai ga shi a bayan Leaven babu wanda ya ji zuwansa. Wannan dabarar fina-finan tsoro ce ta tsohon yayi, inda mugu ke tashi bayan an ɗauka ya mutu, kuma ba ta dace da fim ɗin da ya yi awa guda yana koya wa mai kallo cewa komai a nan da ƙa'ida yake tafiya ba. Wanda ya ce ƙarshen ya ɓata masa rai, sai a tambaye shi wanne daga ciki, farin hasken ko dawowar Quentin, domin ƙorafi biyu ne mabambanta da ake yawan cakuɗa su.

Maganar lissafi

Masu yabon fim ɗin sukan kafa hujja da lissafinsa, kuma a nan nake ɗan ja musu birki. A mashigin kowane ɗaki akwai lambobi uku, kowace mai alƙaluma uku. Leaven ta fara gano cewa ɗakin da ke da lambar da ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta, irin su 7 ko 13 ko 149, to akwai tarko a cikinsa. Daga baya wannan ƙa'ida ta ci amanarsu, sai ta gane cewa abin ya haɗa har da lambobin da ake samu idan an yi ta ninka irin waccan lamba da kanta, kamar 8 ko 81. Ta kuma gano cewa lambobin suna nuna mazaunin ɗaki a cikin ginin da yadda yake zagayawa, har ta kai ga gane cewa ɗakin da suka fara haɗuwa a ciki shi ne ke zuwa bakin hanyar fita, wato da sun zauna inda suke da sun huta da wahala. An nemi taimakon wani malamin lissafi, David Pravica, wajen tsara wannan, kuma ginshiƙin tsarin yana da ma'ana.

Amma yadda aka nuna shi a fuskar 'yar wasa akwai gyara. Akwai inda Leaven ta tsaya tana nazari kafin ta ce 645 tana rabuwa, alhali duk ɗan firamare ya san lambar da ta ƙare da 5 tana rabuwa da 5. Ta ɗan yi jim a kan 372, wadda ta ƙare da 2, sannan ta ce 649 ita ce 11 sau 59 cikin sauri, wanda shi ne mai wuyar. Daga baya kuma ta ce fasa lambobin nan aiki ne da ya fi ƙarfin kan mutum sai na'ura, don labarin ya samu hanyar nuna baiwar Kazan. Gaskiyar ita ce lamba mai alƙaluma uku ba ta buƙatar a gwada ta da fiye da lambobi 11, daga 2 zuwa 31, domin 37 sau 37 ya riga ya haura 999. Wata ɗaliba da ta karanta lissafi ta taɓa zama da biro da takarda a ajina tana rigan Leaven ba da amsa, kuma daga nan fim ɗin ya faɗi a idonta. Wanda lissafi ke ba shi tsoro yakan ga abin kamar tsafi ya yi ta jinjinawa, wanda ya san shi sosai yakan ga ɗinkin, mafi yawan masu kallo kuma suna tsakiya, sun yarda da abin da aka gaya musu sun wuce.

Ra'ayin wa za a bi

Makin da kake gani a intanet yana da amfani, amma sai ka san yadda ake tara shi. A shafin fina-finai na IMDb duk mai rajista yana ba da maki daga 1 zuwa 10 a haɗa a fitar da matsakaici. A shafin Rotten Tomatoes kason da ake nunawa na masu sharhi yana nufin nawa ne daga cikinsu suka ce fim ɗin ya yi, ba ya nufin yawan kyansa, kuma na masu kallo daban ake tara shi. Matsalar matsakaici ita ce yana ɓoye rabuwa. Fim ɗin da kowa ya ba shi 6, da wanda rabi suka ba shi 10 rabi suka ba shi 2, duk 6 za su nuna, alhali na farko ba ya ɓata wa kowa rai ba ya kuma burge kowa, na biyu kuwa ko dai ya zama abin da za ka riƙa tunawa shekaru ko ka kashe shi a tsakiya. Sannan waɗanda ke ɗaukar wahalar rubuta ra'ayi galibi su ne waɗanda abin ya burge matuƙa ko ya ƙona wa rai, irinka da ka tsaya a tsakiya ba kasafai suke rubutu ba. Tsohon fim kuma yana da wata riba, domin masu nemansa bayan shekaru sun riga sun san irin abin da za su tarar.

Lokacin da mutum ya kalla ma yana da tasiri. Wanda ya ga Cube a ƙarshen shekarun 1990 ya ga abin da bai saba gani ba. Wanda ya gan shi yau ya riga ya sha kallon baƙi da aka kulle wuri ɗaya ana gwada su, tun daga Saw na 2004 har zuwa fim ɗin Sifaniya na 2019 da ya shahara a Netflix da sunan The Platform, don haka sai ya ga kamar Cube ne ya kwaikwayi na bayansa. Haka nan yanayin kallo. Fim ne da ya dogara da sauti da ƙuncin wuri, akwai ma ɗakin da ƙaramin motsin murya ke tayar da tarkonsa, inda ake so mai kallo ya riƙe numfashi tare da 'yan wasa. Mutum biyar a kan waya ɗaya ko kwamfuta, ana hira ana amsa kira, ba za su ji wannan fitowar yadda wanda ya kalla shi kaɗai da dare ya ji ta ba.

Abin da nake yi, kuma nake ba ɗalibai shawara, shi ne in tsallake makin in karanta ra'ayoyin waɗanda suka ƙi fim ɗin, guda huɗu ko biyar, in ga a kan me suke ƙorafi. Idan kukansu shi ne ba a yi bayani ba, ko babu isasshen jini, ko duk a wuri ɗaya aka yi, to wannan bai dame ni ba, wani lokaci ma shi ke sa in nemi fim ɗin. Idan kuwa suna cewa ba a jin magana, ko labarin ya tsaya cak a tsakiya, ko mutanen ciki suna yin wautar da babu mai hankalin da zai yi don kawai a samu a kashe su, sai in yi hattara, domin waɗannan cututtukan fim mai ƙaramin jari ne na gaske. Kai ma ka san abin da kake iya haƙuri da shi, kuma wannan sanin ya fi maka amfani fiye da makin mutum dubu da ba ka san abin da suka je nema ba.

Ya kamata in faɗa maka iyakar wannan amsa. Ni mai tace fim ne, idona yana zuwa ne kan yadda aka haɗa abu, saboda haka ina yi wa Cube sassaucin da mai kallo na yau da kullum ba dole ne ya yi masa ba: inda shi yake ganin ɗan wasa yana wuce gona da iri, ni ina ganin mutanen da suka fitar da fim daga ɗaki ɗaya cikin mako uku. Ɗalibaina kuma masu son koyon sana'ar ne, ba su wakiltar duk masu kallo. Tun da ka ce ka rasa inda za ka tsaya, ka sake kallonsa kai kaɗai da abin ji a kunne, yanzu da ka san ƙarshen ba za ka ɓata hankali wajen jiran bayani ba. Ka sa ido a kan Worth a rabin sa'ar farko, lokacin da sauran ke tambayar juna ko akwai wanda ya san wani abu game da wurin, ka ga inda yake kallo da abin da yake yi da bakinsa kafin ya amsa.